An ɗora ni a kan sa'annin babana a wurin aiki, da wane baki zan yi musu magana?

Wata 'yarmu ce daga Aboabo ta turo tambaya, ga ta a taƙaice. Shekararta 28, ta gama jami'ar KNUST ta yi sabis ɗinta na bautar ƙasa, yanzu an ba ta kula da defo na wani kamfanin raba kaya nan Kumasi. A ƙarƙashinta akwai direbobi da mai tsaron sito waɗanda wasunsu sun haife ta, akwai kuma yara 'yan sabis da yaran mota da ba su wuce 20 zuwa 23 ba. Ta ce tsofaffin in ta sa saƙo a guruf ɗin WhatsApp ba mai tankawa, in ta yi magana a mitin sai su ce "to" amma aiki yana nan yanda yake, akwai ma takardun da suka ƙi cikawa, su kuma yaran duk abin da ta ce sai sun tambayi dalili, ga waya a hannu tun safe har a tashi. Ta rufe da cewa ita fa ta rasa da wane baki za ta yi musu magana.

Sannu da ƙoƙari 'yata, Allah ya taya ki riƙo. Ni na shekara 22 a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin manyan motoci, kaya muke ɗauka daga Tema da Kumasi zuwa Tamale da Bolga har Paga, to wannan kujerar da kike kai na zauna a kanta ina da ƙananan shekaru, kuma na yi ɓarna a kai ba kaɗan ba kafin na gane kanta. Zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Da farko ki ajiye waɗannan sunayen da ake ta yawo da su a intanet, wai wane ɗan Gen Z ne wane bumma ne. A Amurka aka yanka wannan lissafin, su bumma su ne waɗanda aka haifa daga 1946 zuwa 1964 bayan sojojinsu sun koma gida daga yaƙin duniya aka yi ta haihuwa, Gen Z kuma daga 1997. To me ya haɗa Baba direba na Sabon Zongo da sojan Amurka da ya dawo daga yaƙi? Ko a can ma, a 2020 wani kwamiti na manyan cibiyoyin kimiyyarsu ya duba binciken da aka yi ta yi a kan batun, ya ce raba ma'aikata gida-gida da shekarar haihuwa ba shi da hujja mai ƙarfi, kada a gina tsarin aiki a kansa. Mu namu zamanin ba a nan ya rabu ba. Wanda aka haifa wajen 1966 ko 67, yana ɗan shekara 16 aka yi yunwar 1983, fari ga gobarar daji ga mutane wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya lokaci guda, har ƙashin wuya in ya fito ake masa laƙabi da sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Iyayensa kuma sun ga 1969 lokacin firaminista Busia da aka ce baƙi su fita, zango ya watse, gidaje da shaguna aka bar su a banza. Mutumin da ya tashi a wannan, aiki a wurinsa abu ne da ake riƙewa da hannu biyu, ba a musu da mai gida, ba a tambayar dalili, in an ɓata maka ka haɗiye ka yi shiru. In ya yi boko ma midil sukul ya yi ya fita a Fom Fo kafin a kawo JSS, wato ƙaramar sakandare, a 1987, da yawansu kuma makarantar allo ce kawai sai bin mota tun suna yara.

Shi kuma yaron da aka haifa 2002, da tocila ya yi karatun firamare da ƙaramar sakandare lokacin dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya shiga sakandare kyauta a 2017, bai taɓa sanin duniyar da babu MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba tunda 2009 MTN ta fara shi, yana fitowa neman na kansa ya tarar da tsadar 2022 wadda a Disamba hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Ya ga masu digiri suna zaune a bes suna shan ataya shekara uku ba aiki. Ya ga mai gidan haya yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule alhali doka wata 6 ta ce. Kin ga wannan ba zai taɓa yarda da "ka yi haƙuri wata rana za ka ci amfani" ba, don ya ga waɗanda suka yi haƙurin.

To abin da na fahimta bayan duk shekarun nan shi ne kowannensu akwai abin da yake tsoro, kuma da wannan tsoron yake sauraron maganarki. Babba tsoronsa a kunyata shi a gaban yara, a nuna ya zama tsohon yayi, ga ritaya tana matsowa a 60. Yaro tsoronsa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wurin da ba zai kai shi ko'ina ba. Jimla ɗaya za ki faɗa, "daga yau kowa zai cika wannan takardar", babba ya ji ana cewa ba a yarda da shi ba, yaro ya ji an ƙara masa wahala ba ƙarin ko pesewa.

Bari in ba ki labarin ranar da na fi jin kunya a aikina. A 2008 ne, shekara guda ke nan da canjin kuɗi, kin san a Yulin 2007 aka cire sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Wani dattijon direbanmu ya dawo daga Bolga, ya ce sifirin ya karye masa wajen Kintampo ya gyara, yaron da ke rubuta lissafi ya tambaye shi nawa, ya ce "miliyan biyu da rabi". A bakinsa wannan sidi 250 ne na sabon kuɗi. Yaron nan sabon zuwa sai ya rubuta 2,500. Takarda ta zo tebur ɗina na ga gyaran sifirin 2,500, jinina ya hau, ban tsaya tambaya ba na fita fili inda ake wanke motoci, na ɗaga murya na ce Baba wannan lissafin naka bai shiga ba, sai ka zo ka yi bayani. Yaran mota wajen shida suna tsaye, har da nasa yaron da yake koya wa tuƙi. Bai ce mini komai ba wallahi. Ya goge hannunsa da tsumma, ya shiga ofis ya ajiye makullin mota a kan tebur, ya fita. Kafin la'asar mun gano kuskuren namu ne, amma shi kwana uku bai zo ba, waya ba ya ɗauka. Sai da na nemi wanda ya fi kowa shekaru a direbobin ya raka ni har gidansa bayan isha'i, da goro a leda, na zauna a ƙasa kan tabarma na ba da haƙuri. Abin da ya ce mini har yau yana kunnena: "Ɗana ba kuɗin ba ne, ko ka ce in biya sai in biya. Yarona yana tsaye." Ya dawo aiki, mun yi shekara bakwai tare bayan nan, amma yaron motar nan dole muka canza masa shi.

Tun daga ranar na raba abu biyu, girma da gyara. Girman babba a gaban jama'a ake ba shi, gyaransa kuma sai an rufe ƙofa. Kuma ki lura har gobe akwai masu cewa miliyan suna nufin sidi 100, a Kejetia ma za ki ji, to duk maganar kuɗi da babba ki maimaita masa adadin da sabon kuɗi sannan ki rubuta a gabansa ki juya takardar ya gani.

Yanzu batun "to" ɗin da suke ce miki. Ai "to" a bakin dattijo ba yarda ba ce, na ji ki ne kawai. Wani lokacin ma ma'anarsa "wannan ba zai yiwu ba amma ba zan kunyata ki a gaban yaranki ba", wato shi a ganinsa mutunci ya yi miki. Mitin na mutum goma sha ba wurin da za ki ji gaskiyar cikinsa ba ne. In kina da sabon tsari, kwana biyu kafin mitin ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi gaisuwa ta gaske, ki tambayi iyali da jiki da hanya, kada ki tsaya a kansa yana zaune, ki ja benci. Sannan ki ce Baba daga sama an ce motar Tamale ta riƙa tashi ƙarfe huɗu na asuba, na ce ba zan sa hannu ba sai na ji ta bakinku, me zai hana wannan ya yi aiki? Ki lura da tambayar, me zai hana. In kika ce "kun yarda?" zai ce to. In kika ce me zai hana, sai ki ji abin da babu shi a kwamfutarki: cewa lokacin hunturu hazo tsakanin Techiman da Kintampo ba a ganin gaba da sassafe, cewa in ka isa Buipe a wani lokaci layin shingen bincike zai cinye maka abin da ka rage, cewa mai karɓar kayan a Tamale ba ya buɗe sito ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci. Wani abin da ya faɗa uzuri ne kawai na son jiki, ke ma za ki gane, amma rabi gaskiya ne kuma zai cece ki daga asara. Ranar mitin sai ki ce mun zauna da Baba wane ya ba da shawarar a gyara kaza. Shikenan, tsari ya zama nasa, shi zai tsare miki shi a bayan idonki.

Nan garin ma ai darasin yana gabanmu kullum. Je ki fadar Manhyia ranar bikin Akwasidae ki gani, Otumfuo sarkin Asante ba ya magana kai tsaye da mai ƙara, okyeame, wato kakakinsa, ne yake ɗauka ya gyara ya miƙa, haka a fadar Sarkin Zongo akwai maganar da sai ta bi ta bakin wani. Ba don sarki ba shi da baki ba ne, don magana mai zafi in ta bi ta hannun na uku tana hucewa kafin ta isa. Kowane wurin aiki yana da irin wannan mutumin ko ba a naɗa shi ba, wanda in ya yi tari sauran suke shiru, sau da yawa ma ba shi ne mai babban muƙami ba. Ki gano shi cikin satin nan. Amma ki kiyaye, ɗan aike ne ba mai mulki ba, in kika bari komai sai ta wurinsa wata uku za ki farka ki ga shi ne manaja ke kina sa hannu kawai. Na ga an yi wa wani abokin aikina haka.

Sai guruf ɗin WhatsApp. Kafin ki ce raini ne ki tambayi kanki ko yana iya karanta abin da kika rubuta. Mutum in ya haura 40 ƙananan rubutu sukan fara gagararsa sai da tabarau, kuma direban da ya shekara 30 kusa da ƙarar inji kunnensa ma ya ragu, ba kuma zai taɓa zuwa ya ce miki 'yata ba na gani ba. Wani kuma yana karanta Alƙur'ani da ajami tsaf amma dogon Turancin ofis da gajerun kalmomin nan naku na zamani ba ya kama su, jikarsa ce take karanta masa da dare in ya koma gida, lokacin aikin ya riga ya wuce. Akwai kuma wanda yana gani sarai amma a tarbiyyarsa ba a aiko wa babba umarni a rubuce cikin taron yara, ba sallama ba gaisuwa, "motoci duka su kasance a shirye 5:00". A kunnensa wannan kamar kin tsaya a tsakar gida ne kin ƙwala masa kira da sunansa.

Abin da ya yi mana aiki shi ne saƙon murya gajere, da Hausa ko Twi gwargwadon mutumin, a fara da sallama, kada ya wuce minti ɗaya, abu ɗaya tak a ciki. In maganar mai nauyi ce a kira shi. Amma kada ki tsaya a murya kaɗai don ranar da rigima ta tashi murya ba ta zama shaida mai sauƙin nema, ki bi bayanta da rubutu layi biyu, mota kaza, wuri kaza, ƙarfe kaza, ko ki sa allo a bakin ofis da manyan baƙaƙe. Mu farin allo muka kafa kusa da inda ake alwala, tunda kowa sai ya bi ta nan. Kuma kada ki gyara kuskuren kowa a guruf, babba ko yaro. Guruf fili ne, daidai yake da wurin wankin motar da na yi tawa ɓarnar, har ya fi muni ma don shi ana ɗaukar hotonsa a tura gaba.

Hannun hagu kuma kin sani ba sai na faɗa ba, amma na ga 'yan jami'a suna mantawa in suna riƙe da waya a dama, su miƙa wa dattijo takarda da hagu. Ba zai ce komai ba, zai dai rubuta a zuciyarsa. Haka abokan aikinki Asante, Wofa (kawu) ko Opanyin (dattijo) da "mepa wo kyɛw" (don Allah) a farkon magana ba ya rage miki komai a albashi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

To mu dawo kan yaran, don na lura a tambayarki kin fi jin haushinsu, wataƙila don kina ganin ke ba haka kika yi ba shekara biyar da suka wuce. Tambayar dalili ba rashin kunya ba ce a kowane lokaci. Yaron da ya ce "Madam don me?" ya fi mini wanda zai ce to ya je ya yi abin da ya ga dama. Ba shi dalilin a jimla biyu: muna ƙirga katan kafin mota ta fita don in ya ɓace a hanya daga albashin direba da naka za a nema, ƙirgar kariyarka ce. In ya gane, shi da kansa zai kawo miki hanyar da ta fi taki sauri, wataƙila ya buɗe miki shafin lissafi a waya wanda zai rage aikin awa biyu. In ya kawo ki karɓa ki kuma faɗi sunansa a gaban manya. Shi yabo a fili yake so kamar yanda babba yake son gaisuwa a fili.

Abin da yaran nan ba sa jurewa shi ne magana a dunƙule. Mu an tashe mu da karin magana da hannunka mai sanda, babba ya ce "rana ta yi fa" ka gane cewa ka makara. Su in ba ki ce ka makara minti 40 yau kuma karo na uku ke nan a watan nan ba, to ba ki ce komai ba. Ba wai ba su da hankali ba ne, sun saba da saƙo mai faɗin abin da yake nufi. Kuma kada ki jira ƙarshen shekara ki tara masa laifi, ki faɗa a ranar, ke da shi, ki wuce.

Sannan za su tambaye ki abin da mu a da ko a mafarki ba ma tambaya: ina takardar ɗaukata aiki, ana biya mini SSNIT na fansho kuwa, obataim fa? Kada ki ɗauka tsaurin ido ne, hakkinsu ne kuma doka tana bayansu. Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta ce wanda zai yi aikin wata 6 ko fiye sai an rubuta masa yarjejeniya, aiki awa 8 a rana ko 40 a sati, hutun shekara aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi. Na fansho kuma ana cire kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci kamfani ya ƙara 13, kuma sai mutum ya tara wata 180 kafin ya cancanci fansho na wata-wata. Ki san waɗannan a ka, don ranar da yaro ya tambaye ki kika yi inda-inda, daga ranar ya daina ganinki a matsayin wadda ta san aikinta. In abin ba a hannunki yake ba ki ce ba a hannuna yake ba amma zan kai sama ranar kaza in dawo maka da amsa, kuma ki dawo ɗin ko amsar babu ce. Abin mamaki, ranar da na tara mutane na yi bayanin wata 180 ɗin nan saboda tambayar wani yaro, tsofaffin ne suka fi matsowa kusa, ashe da yawansu abin yana cin su shekara da shekaru kunya ta hana su tambaya, biyu daga cikinsu muka je ofishin SSNIT muka tarar akwai watannin da wani tsohon wurin aikinsu bai taɓa biya ba. Tambayar yaron da ake cewa ba shi da kunya ita ta tona wannan.

'Yan sabis kuma ki tuna shekara ɗaya ce za su yi, alawus ɗinsu ma sidi 559 suka daɗe suna karɓa kafin a ɗan ƙara a 2023, kuɗin pragya (keke mai ƙafa uku) da waakye ya cinye shi. Ba za ki sayi zuciyarsu da kuɗi ba tunda ba ke ke biya ba. Abin da za ki iya ba su shi ne su fita da wani abu a hannu, ki ce kafin ka gama zan tabbatar ka iya lissafin sito daga farko har ƙarshe kuma zan rubuta maka takardar shaida mai kyau in ka yi. Wannan ciniki ne da suke ganewa.

Waya kuwa kada ki yi yaƙin da ba za ki ci ba. Ki ware inda ba a taɓa ta sam, lokacin lodi da sauke kaya, lokacin da mota take baya, gaban kwastoma, ki faɗi dalili, sauran lokacin ki kau da kai in dai aiki yana tafiya. Dokar kuma ta hau kowa, don Alhajin da yake amsa waya minti 20 ana tsaka da lodi yana maganar filinsa na Tafo shi ma waya ce, yaran suna kallo su ga ko za ki yi magana.

Wannan ya kawo ni inda nake so ki buɗe kunne sosai. Girmamawa ba ta nufin doka biyu. Akwai dattijon da zai fake da furfura ya riƙa zuwa a makare, ya aiki yaran kamfani sayen koko da ƙosai ana tsakiyar aiki, ko ya zagi yaro har iyayensa ya ce ai tarbiyya ce haka mastansa ya yi masa a Magazin wurin makanikai. A'a. Yanda ake faɗa ne yake bambanta, abin da ake nema ɗaya ne. Shi za ki shiga ofis ki rufe ƙofa ki ce Baba ku ne madubinmu a nan, in kuka zo tara yaran nan ba zan iya ce musu bakwai ba, ku taimake ni. In ya gyara falillahil hamdu. In bai gyara ba karo na biyu ki faɗa ba kwana-kwana, na uku takarda, kamar kowa. Za a ce miki ba ki da kunya, za a iya kai ƙararki har gida wurin mahaifinki tunda Aboabo da Asawase duk gida ɗaya ne, wanda kika ba takarda da safe da shi za ku haɗu a wurin suna ranar Lahadi. Shi ya sa nake cewa ki riƙe gaisuwarki da ladabinki ƙam, don ranar da aka kai ƙarar, abin da za a fara tambaya shi ne ta zage shi? ta ɗaga masa murya a gaban mutane? In amsar a'a ce, manyan unguwa da kansu za su ce masa to ai aikinta take yi.

Kasancewarki mace kuma ba zan ɓoye miki ba yana ƙara nauyin, akwai wanda a ransa bai taɓa zaton 'yar cikinsa za ta ba shi umarni ba. Kada ki yi ƙoƙarin zama namiji da tsawa, ba ya aiki, kuma kada ki zama 'yar gida mai dafa musu shayi don su so ki. In sun ce miki "'yata" ki amsa, ba raini ba ne, sau da yawa ma kariya ce, wanda ya kira ki 'yarsa ba zai bari wani kwastoma ya ci mutuncinki a gabansa ba. Inda za ki ja layi shi ne in "'yata" ta koma "bari manya su yi magana" a kan abin da ke za a tambaya in ya lalace. Nan sai ki yi murmushi ki ce Baba sa hannuna ne a takardar, in ta ɓaci ni za a kira Accra.

Wani abu da muka gwada ya yi kyau, mun haɗa kowane tsohon direba da yaro ɗaya ɗan boko lokacin da aka sa wa motoci na'urar bin sawu aka kuma koma tura hoton rasit ta waya. Tsofaffin da farko sun ɗauka leƙen asiri ne, wani har ya rufe tasa da tsumma wai kada ta gan shi. Ban ce yaro zai koya wa Baba waya ba, da na faɗi haka da ba wanda zai zo. Cewa na yi Baba ga yaro nan ka koya masa hanya da jin ƙarar inji, shi kuma ya riƙa riƙe maka wayar. Bayan wata biyu sai ga dattijon da ya rufe na'ura da tsumma yana turo mini hoton rasit da kansa daga Yapei, hoton a karkace rabin babban yatsansa a ciki, da saƙon murya yana dariya yana cewa in duba ko ya fito. Yaron kuma ya dawo yana iya gane belt ya kusa tsinkewa daga ƙara kawai.

Maganar jana'iza da addu'ar uku da bakwai da arba'in, da na abokan aikinmu Asante da suke tafiya ƙauye tun Juma'a don jana'izar Asabar, wannan ki zauna da manaja ku tsara tun yanzu kwana nawa ake bayarwa kuma wa za a sanar, a rubuta kowa ya sani. Babba ba zai nemi izinin zuwa jana'izar maƙwabcinsa kamar mai roƙo ba, a wurinsa wajibi ne, zai sanar da ke ne kawai in kin yi sa'a. In akwai tsari a ƙasa ba sai kun yi ta ja-in-ja ranar da mutum yake cikin baƙin ciki ba. Ke ma in an yi wa ɗayansu rasuwa ki je da ƙafarki, kada ki tura saƙo.

Gobe in Allah ya kai mu ki riga kowa zuwa, ki zagaya ki gaida kowa da sunan da yake so a kira shi, kada ki kawo maganar aiki ko ɗaya. Jibi ki ja benci kusa da wanda ya fi daɗewa a defon ki tambaye shi yanda ake yin lodin nan kafin a kawo kwamfuta, da abin da yake ganin an ɓata. Zai yi dogon labari, wataƙila har da na 83, ki bar wayarki a jaka ki saurara har ya gama. In kin yi sati biyu a haka ki sake rubuto mini abin da ya ce, daga nan sai mu duba batun takardun nan da suka ƙi cikawa.